Ciwon gwiwar ɗan shekara 14 ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Yayar Yara, Mabera:
Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 14 ne, ɗan ƙwallo, gwiwarsa ta dama ta fi wata shida tana ciwo. Akwai ɗan tudu ƙasan ƙoƙon gwiwar, in ya yi sujada ko ya tsuguna sai ya cije leɓe. Kullum aka je asibitin unguwa sai a ce sanyin ƙashi ne, a yi allura. Yanzu ya ƙi komawa, wai ko ƙafar ba a taɓawa, kuma da ni ake magana ba da shi ba. Tsofaffin gida sun ce a kai shi ga mai ɗori. Mi ya kamata mu yi?

Likitan Arkilla:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yaron nan yana da gaskiya, ba a gane ciwon gwiwa daga bayan tebur. Abin da kika kwatanta ya fi kama da ciwon Osgood-Schlatter, wanda aka fara bayaninsa tun 1903. Jijiyar ƙoƙon gwiwa tana manne da kan ƙashin ƙwauri, a wurin da har yanzu guringuntsi ne ga yaro mai tasowa. Gudu da tsalle kan fizge wurin, sai ya kumbura. Ya fi kama maza daga shekara 12 zuwa 15, mata kuma kafin nan. Yakan lafa idan ƙashin ya gama ƙwari, sau da yawa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, amma tudun kan zauna.

Sai dai kafin a tsaya a nan, dole a kwantar da shi a juya kwatangwalo ciki da waje. Akwai lalurar da kan ƙashin cinya ke zamewa, musamman ga yaro mai jiki, kuma a gwiwa yaron ke jin zafin. Alamarta ɗingishi da ƙafa mai karkata waje. In an ga haka, kada ya ƙara taka ƙafar, a yi hoton kwatangwalo duka biyu ranar. A kuma san jininsa, domin sikila kan kashe kan ƙashin cinya.

Ciwon da ke ta da shi cikin dare, kumburi mai ƙaruwa, zazzaɓi, rama, ko gwiwa ta ƙage da safe fiye da sati shida: waɗannan ba na jira ba ne. Tibi na shiga gaɓa, kansar ƙashi ma kusa da gwiwa ta fi fitowa ga matasa. Ki karɓi takardar turawa zuwa UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko.

Mai Gashin Ƙashi:
In likita ya tabbatar tudun ne kawai, aikin gida ya fi yawa. Sati huɗu na farko ya bar wasa da tsalle, amma ya ci gaba da tafiya makaranta. Kwanciya gaba ɗaya na sa cinya ta saki.

Kullum ya kwanta rigingine, ya tanƙwara gwiwoyi, ya ɗaga ƙugu sama sau 10, ya huta, ya maimaita har zagaye uku. Sannan ya miƙe ƙafar, ya ɗaure naman cinya daƙiƙa 30, sau biyar. Daga sati na biyar a ƙara jingina da bango cikin rabin tsuguno, sai sassarfa, sai gudu, ƙwallo ita ce ƙarshe, wajen wata uku. Ma'auni: ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. In bai wuce 2 ba, kuma washegari bai ƙaru ba, a ci gaba. In ya wuce, a koma matakin baya. Inda ake faɗuwa shi ne ciwo ya lafa kwana goma, yaro ya koma filin gasa.

Ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 bayan motsi. Wajen salla a ninka masa bargo kan darduma, a Islamiyya kuma a nemi malam ya bar shi ya miƙe ƙafa.

Hajiyar Magani, Runjin Sambo:
Ƙanwata, ki tambayi sunan allurar nan. In diclofenac ce, yawanta na cin ciki da ƙoda, balle da zafin Sakkwato yaro bai sha ruwa ba. Ibuprofen 400mg bayan abinci, ba fiye da sau uku a rana ba, na 'yan kwanaki kawai ya isa. Ƙullin kemis mai dexamethasone ko tramadol a ciki, a nisance shi. Mai ɗori kuwa ba karaya zai tarar ba. Murza tudun da sakiya kumburi za su ƙara.

Likitan Arkilla:
Na manta: ranar komawa, shi zai yi bayani, ke ki zauna gefe. Ya rubuto a takarda yaushe ciwon ya fara, mi ke tayar da shi, da magungunan da ya sha. Kafin ku fito ku tambayi sunan ciwon da ranar da za a sake duba shi.