Na canja gasket, yanzu mota ta ƙi tashi: ina matsalar taimin?

Sabon Hannu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Inji mai silinda 4 ne, na bel, mai distiributa. Na canja gasket da kaina, an kuma goge fuskar tof silinda. Alamar fulin karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) tana kan sifili, amma in na buga kik sai ya riƙa tari ta kabireta, ba ya tashi. Me na tsallake a taimin, wato saitin lokacin buɗe bawul da zuwan wuta?

Dattijon Gareji: Wa alaikumus salam. Malam, alamar fuli kaɗai ba ta isa ba. Karanshaf yana juyi 2 kafin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) ya yi 1, don haka fistin na ɗaya yana hawowa sama sau biyu: lokacin matse iska, da lokacin fitar da hayaƙi. Mai yiwuwa a na biyun ka saka distiributa, wuta na zuwa bawul a buɗe. Cire fulogin silinda ta ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, a juya injin da sifana. Inda iska ta turo yatsanka, ci gaba a hankali har alamar ta zo sifili. A nan rota, wato abin da ke juyawa cikin distiributa yana raba wuta, ya kamata ya kalli wayar fulogi na ɗaya. Jerin wayoyin 1-3-4-2 ne a yawancin irin wannan inji, bisa yadda rota ke juyawa.

Mai Sifana: Don Allah ka ajiye kik tukuna. A wasu injuna, in bel ya kauce da yawa fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa shi. Buɗe murfin bel ka duba alamar kamshaf ma. Kada ka raina haƙori ɗaya: in giyar kamshaf na da haƙora 40, kuskuren ɗaya digiri 18 ne a karanshaf. Wajen ɗora bel, ɓangaren da babu tanshina (abin da ke ɗame bel) ya miƙe tsam, sassaucin duk ya koma wajen tanshinan. Sannan ka cire fulogai, ka juya da hannu sau 2 cif, ta inda injin ke juyawa, ka sake duba alamomin. In ya cije, kar ka tilasta.

Dattijon Gareji: Haka ne. In ya tashi, bar shi ya yi zafi, zare tiyon iska na distiributa ka toshe, ka saita da fitilar taimin a kan silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba. Digirin da ake so yana littafin motar ko takardar da ke cikin bonet. Saiti da kunne shi ke jawo ƙarar inji a hawa da yawan zafi.