Soket ɗin 12V a tirelar kwana yana ta cinye fiyus, ɗayan kuma ya mutu

Mai_Tirela:
Assalamu alaikum. Tirelar kwana ce mai soket biyu na 12V, irin na kunna sigari a mota. Na farko yana cajin waya lafiya, amma da an saka famfon iskar taya sai fiyus mai 10A ya ƙone nan take. Na biyu kuwa mita tana nuna 12.6V, amma ƙaramin firiji ya ƙi tashi a kansa. In saka fiyus mai 20A ne in huta?

Injiniya_Wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, kar ka kuskura. Ba famfon fiyus yake karewa ba, wayar da ke bayan bango yake karewa. Idan wayar 1.5 mm² ce, 10A ne daidai da ita. Ka sa mata 20A, ita ce za ta iya yin zafi har roba ta narke, a wurin da ido ba ya gani.

Lissafin ba shi da wuya: 12V sau 10A, wat 120 ke nan. Duba takardar jikin famfon. Da yawansu suna jan 15A ko fiye, musamman lokacin tashi. In haka ne, soket ɗinka ƙalau yake, kaya ne ya fi ƙarfinsa. Haɗa famfon kai tsaye da batir, da fiyus nasa kusa da kan fozitib.

Amma in fiyus yana ƙonewa ko ba a saka komai ba, to shot ne, wato fozitib ya taɓa negetib kai tsaye. Haska cikin soket da tocila. Sau tari kwabo ne ko guntun ƙarfe ya faɗa ya haɗa tsakiya da gefe. In ba nan ba ne, cire fiyus ɗin, ka jona ƙwan mota mai wat 21 a gurbinsa. Muddin akwai shot, ƙwan zai haska sosai. Bi wayar kana motsa ta, inda hasken ya ɗauke nan ta goge, galibi inda ta ratsa ƙarfe babu roba.

Tsohon_Hannu:
Injiniya ya gama da na farko. Na biyun, mita ce ta ruɗe ka, ɗan'uwa. Ba ta jan wuta kusan ko kaɗan, don haka ko silin waya ɗaya ya rage a haɗe za ta nuna 12.6V. Auna yayin da firijin yake jone. In ta faɗo zuwa 9V ko 10V, akwai haɗin da ya yi sako-sako ko tsatsa ta ci.

Fara da negetib, wato inda aka ɗaure wayar a jikin ƙarfen tirela. Kwance kusar, goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tamau, ka shafa giris a kai. Don tabbatarwa, sa mita tsakanin negetib na batir da gefen soket, firiji yana jone: fiye da rabin volt ya yi yawa. Kuma murɗe bakin fulogin firijin, akwai ɗan fiyus na gilashi a ciki da mutane ke mantawa da shi.

Mai_Gwaji:
Ƙari kaɗan. Ba sai an zare fiyus ba kafin a gwada shi. Kowane fiyus mai jikin roba, ba na gilashi ba, yana da 'yan ƙarafa biyu a ƙeyarsa. Taɓa su da fitilar gwaji, wuta a gefe ɗaya kawai na nufin ya ƙone. Launi ma yana faɗin ƙarfinsa: ja 10A, shuɗi 15A, rawaya 20A, kore 30A. A kula da tirelolin Amurka, a can farar waya ce negetib, baƙa kuma sau da yawa fozitib ce, saɓanin abin da aka saba a mota. Auna kafin ka haɗa, kuma cire kan negetib na batir tukuna.