Mu haɗa murhu ɗaya ko kowa ya riƙe nasa?

Ɗan Tudun Wada: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Mu uku ne ke narka fasassun kwalabe muna yin duwatsun wuya da awarwaro, kowa da ɗan murhunsa a gida. Yanzu sun ce mu haɗa kuɗi mu gina babba a Tudun Jukun nan Zariya, haya da gawayi a raba uku, ciniki kuma kowa nasa. Ni dubu 80 ce duk jarina. In shiga?

Maman Ilham: Kuna yin jigida? Nawa?

Kawun Sabon Gari: Yaro kar ka soma wallahi. Ni na yi haɗaka da wani, ina sallar la'asar ya zuba min gilashin taga a tukunyar da na narka koriyar kwalba, kuma su biyun ba sa shiri, wajen hucewa kowanne da irin tsukewarsa. Awarwaro 60 na kayan lefe na binne a toka da daddare, da asuba ina tonowa ina jin ƙas ƙas, a hannuna suke rabewa. Biki saura kwana 4, uwar ango ta zo har zaure tana kuka, keken ɗinkin maiɗakina na sayar na maida kuɗin. Shi ko sannu bai ce ba.

Ɗalibin Samaru: Allah ya maida alheri Kawu, amma rashin ware gilashi ne ya jawo. Ni ɓangaren gilashi nake karanta a ABU, Jami'ar Ahmadu Bello. Masagan Bida, masu sana'ar gilashi na garin Bida, ai tare suke aiki tun kaka da kakanni, kwalba suke narkawa su ma.

Kawun Sabon Gari: Su gadonsu ne, dangi ne. Kai ka taɓa ƙona yatsa a bakin wuta?

Ɗalibin Samaru: Sau nawa ma Kawu.

Na Gyallesu: Ni damuwata kwalbar, buhu ɗaya naira 2,500 na saya wajen 'yan bola jari a Kwangila.

Kawun Sabon Gari: Yaushe? Shekaranjiya 4,000 aka ce min, rabi ma ƙasa ce.

Sarkin Zolaya: To ni dai a bar mana kwalaben zuba gyaɗa, kar ku narke da abin taɓawarmu 😂

Na Gyallesu: Ai masu gyaɗar da masu zuma ke riga mu kwashe masu kyau. Lemo ya koma roba, maganin tari roba, shuɗiyar kwalba kuwa wata biyu ina yawo har Ɗanmagaji ban samu ko goma ba.

Ɗan Tudun Wada: Jama'a maganar murhun fa? Jibi suke son amsa.

Maman Ilham: Malam jigidar nake tambaya tun ɗazu.