Dan Allah a taimaka, waƙoƙina sun ƙi buɗewa a sabuwar kwamfuta

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, masu ilimin kwamfuta ku kawo min ɗauki. Tsohuwar laftof ɗina ta gaji, batir ya mutu sai tana jone da wuta take aiki, ga shi Windows 10 ce a kai wadda tun Oktoban 2025 aka daina turo mata gyaran tsaro, shi ne na daure na sayi wata mai Windows 11. To matsalar waƙoƙina ne, fiye da shekara goma ina tara su a iTunes tun zamanin da nake da iPod, yana nuna min kusan giga 70, akwai na kalangu da kukuma da tsofaffin na Indiya da karatu da tafsirin azumi, amma wanda ya fi damuna kaset-kaset ɗin marigayi mahaifinmu ne wajen guda 40 da na zauna na juye su ɗaya bayan ɗaya da manhajar Audacity na sa wa kowanne suna da shekara a iTunes, waɗannan ko ka zagaye intanet ba za ka same su ba.

Jiya na kwafi folda ta Music a filas ɗina mai giga 32 na zuba a sabuwar, na sa iTunes na buɗe, jerin ya fito tsaf amma da yawa akwai alamar ! a gefensu, in na danna sai ya ce wai bai ga fayil ɗin ba. Kuma na riga na yi wa ƙanwata alkawarin tsohuwar, za ta koma makaranta, jira take in goge komai in ba ta.

Ɗan Autan Hajiya:
Haba Yaya yanzu wa yake tara waƙa a kwamfuta, ka sa Audiomack ko Spotify a waya ka huta mana

Maman Khalil:
Kai Auta ka karanta kuwa? Kaset ɗin mahaifinsa ya ce, a wane Spotify ɗin za ka same shi

Injiniya Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kafin komai kar ka goge tsohuwar nan, kar ma ka bari kowa ya taɓa ta, ƙanwa ta yi haƙuri tukuna. Amsar tana cikin maganarka ai, ka ce giga 70 ne amma filas mai 32 ya ɗauke, ka ga kenan fiye da rabi ba a cikin Music suke ba. iTunes ba lallai ya ajiye waƙa a cikinsa ba, sau da yawa rijista kawai yake riƙewa, wato waƙa kaza tana wuri kaza, wata a Downloads wata a Desktop wata a D (had disk ɗin kwamfuta kan rabu zuwa ɓangaren C da D). Rijistar ita ce fayil ɗin da ake kira iTunes Library.itl, ka tafi da ita amma ka baro kayan a gida, shi ya sa sunaye suka fito sauti babu.

Ka koma tsohuwar ka buɗe iTunes, ka shiga File sai Library sai Organize Library, ka yi wa Consolidate files alama ka danna OK. Zai bi duk inda waƙa take ya kwafo ta cikin folda ɗaya mai suna iTunes Media. Ka lura kwafowa yake ba ɗaukowa ba, na asalin suna nan inda suke, saboda haka sai C ɗinka yana da fili, kuma tunda ka ce batir ya mutu kar ka fara sai kana da tabbacin wuta ko inbata, don in aka ɗauke ana tsaka da aiki sai ka dawo kana laluben wanne ya shiga wanne bai shiga ba. In ya gama ka rufe iTunes ɗin gaba ɗaya, ka kwashi folda ta iTunes sukutum a had disk na waje, ka zuba a Music na sabuwar bayan ka cire ta jiya. Sannan ka danne Shift ka riƙe kana buɗe iTunes, zai tambaye ka, ka zaɓi Choose Library ka nuna masa itl ɗin nan. Jerin da ka tsara da taurarin da ka ba waƙoƙi har da sau nawa ka saurari kowacce duk za su dawo.

Wani abu kuma, in ka sa manhajar Apple Music ta Windows a sabuwar, iTunes zai daina nuna maka waƙa sai fodkas da littattafan saurare, kar gabanka ya faɗi ka ɗauka sun ɓata. Kuma in ka taɓa sayen wani abu da Apple ID ɗinka ka shiga Account sai Authorizations ka cire tsohuwar kafin ka bayar, kwamfuta 5 kawai suke yarda.

Maman Khalil:
Ni dai gargaɗina a kan filas ne, don na ɗanɗana. Na taɓa sayen wani a kasuwar waya an rubuta giga 64 da araha har ina murna, na zuba waƙoƙin bikin ƙanwata da hotuna, yana nuna komai ya shiga, da na zo buɗewa na farko-farkon ne kawai suka yi sauran duk fanko, ashe jabu ne an yi masa dabara yana nuna girman da ba shi da shi. Daga baya ɗana ya nuna min H2testw, ƙaramin abu ne, yana cika filas ɗin ya sake karantawa ya faɗa maka gaskiyar girmansa. Kuma dan Allah kar ka soka shi a kwamfutar masu tura waƙa ko shagon fotokwafi, bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot a nan ake kwasarsa, ba ya cinye kaya ɓoye su yake amma tashin hankalin kaɗai ya isa.

In ka gama kwafa ka danna dama a kan foldar ka duba Properties a nan da can, adadin fayil da girma su zo daidai. Ni sai na ga haka nake yarda.

Abu Sudais:
Ƙari a kan na Injiniya, kaset ɗin nan a wane tsari ka ajiye su? In WAV ne to ka riƙe itl ɗin nan da hannu biyu, don iTunes ba ya rubuta suna da shekara a jikin WAV, a rijistarsa kaɗai yake ajiyewa, ranar da ta lalace abin da zai rage maka sunan fayil ne kawai, in kuma Track 01 ka bar su to Allah ya ba da haƙuri. WAV na cin wajen mega 10 duk minti ɗaya, kaset mai minti 90 kusan mega 900 kenan, ina zaton su ne suka cinye maka gigan. Bayan ka tare lafiya ka mayar da su Apple Lossless a cikin iTunes ɗin, sauti ba ya raguwa ko kaɗan, girma ya ragu sosai, sunaye kuma su zauna a jikin fayil. FLAC ma haka yake sai dai iTunes ba ya buɗe shi, sai VLC ko MusicBee. Na asalin kuma kar ka goge, ka bar su a had disk ɗin wajen ka kai gidan wani ɗan uwa. Google Drive na kyauta giga 15 ne, ba zai ɗauke duka ba amma ka sa waɗanda aka fi jin muryar Baba a ciki. Kar kuma ka ce za ka dunƙule su a zip ɗaya ka sa a filas mai tsarin ajiya na FAT32, duk fayil ɗin da ya haura giga 4 ba zai shiga ba sai ka mayar da shi exFAT.

Baban Ummi:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Injiniya wallahi kamar kana wajen, na duba kaset ɗin duk suna D cikin wata folda da na sa wa suna BABA, kuma WAV ne kamar yadda Abu Sudais ya ce, sunayen fayilolin kuwa side A side B kawai, da na goge da shikenan. Sai dai na gwada Consolidate ɗin ya ce babu fili, giga 19 ya rage a C. Yaya zan yi?

Injiniya Mai Gyara:
Mai sauƙi ne. Ka jona had disk na waje, ka shiga Edit sai Preferences sai Advanced, ka canza wurin iTunes Media ya koma kansa, sannan ka sake Consolidate, duk za su tafi can kai tsaye. Itl ɗin dai yana nan a Music na C, bayan ka rufe iTunes ka kwafe shi ka haɗa da su. In ka je sabuwar ka tabbata had disk ɗin ya samu harafin da yake da shi a tsohuwar, in E ne ya zama E, ana canzawa a Disk Management. Da sun buɗe sai ka mayar da wurin iTunes Media C na sabuwar ka sake Consolidate sau ɗaya. In tsohuwar USB 2.0 gare ta ka ware masa awa ɗaya ko fiye.

Baban Ummi:
To na aro had disk wajen maƙwabcina, da an kawo wuta zan fara. Na kira ƙanwar na ce sai ranar Asabar, ta ɗan yi mita amma da ta ji kaset ɗin Baba ne cewa ta yi in tura mata wanda yake ba da labarin tafiyarsa Hajji.