Muhawarar Vance da Walz: shin ta cancanci barcin da muka hana idanunmu?

Mai Shayin Fada, Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daren jiya, 1 ga Oktoban 2024, mu bakwai ne muka ƙi tashi daga fadarmu ta Bukoki domin mu ga muhawarar masu neman mataimakin shugaban ƙasar Amurka, wato Sanata JD Vance na jihar Ohio, abokin takarar Donald Trump, da Gwamna Tim Walz na jihar Minnesota, abokin takarar Kamala Harris. Ƙarfe tara na dare a birnin New York ya yi daidai da ƙarfe biyu na dare a nan, saboda haka sai da aka ɗora shayi har sau biyu, kuma da kuran ya ɗauke ana tsakiyar magana, sai muka haɗa kawuna a kan waya guda, wani ƙanenmu da ya yi karatu a Zariya yana mayar mana da Hausa.

Da aka gama, gardama ta kaure. Wasu sun ce Vance ne ya yi rinjaye saboda harshensa bai sarƙe ba ko sau ɗaya, wasu kuma sun ce Walz ya kama shi a ƙarshe. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mako biyu kacal da kammala ficewar sojojin Amurka daga ƙasarmu ranar 15 ga Satumba, bayan sun bar sansaninsu na Yamai da na Agadas, amma a cikin minti casa'in ɗin nan ban ji an ambaci Nijar ko Sahel ba. To, tambayata ita ce: muhawarar mataimaka tana canja wani abu a zaɓe kuwa, kuma mu da muke nan mene ne namu a ciki?

Tsohon Malamin Tarihi, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Idan ƙuri'a kake nufi, tarihi ya nuna cewa tasirinta kaɗan ne. Tun 1976 aka fara irin wannan muhawara a talabijin, tsakanin Walter Mondale da Bob Dole, kuma wadda aka fi tunawa da ita ita ce ta 1988, inda Lloyd Bentsen ya kunyata Dan Quayle a bainar jama'a bayan Quayle ya kwatanta kansa da John Kennedy. Kowa ya yarda Bentsen ne ya yi nasara a wannan dare, amma da ranar zaɓe ta zo, George Bush da Quayle ne suka lashe da rata mai yawa. Mutane shugaba suke zaɓa, mataimaki kuwa a cikin kaya yake zuwa.

Sai dai kada wannan ya sa a raina kujerar. Mataimaka takwas ne suka hau mulki a Amurka saboda rasuwar shugaba, na tara kuma, Gerald Ford, ya hau a 1974 bayan Richard Nixon ya yi murabus. A lokacin muhawarar nan ta 2024, Trump yana da shekara 78, Vance yana da 40, don haka wanda ya kalli Vance jiya wataƙila ya kalli mutumin da za a daɗe ana jin sunansa. Ban da wannan, mataimaki ne ke shugabantar majalisar dattawa, kuma shi ke raba gardama idan ƙuri'u suka yi kunnen doki. Ita kanta Harris ta yi hakan fiye da duk wanda ya riƙe muƙamin kafin ita. Mu a nan abin yana mana baƙo ne domin tsarin mulkinmu na 2010 bai tanadi mataimakin shugaban ƙasa ba, firaminista muka sani.

A ganina wurin da ya fi nauyi shi ne na ƙarshe. Walz ya tambayi Vance kai tsaye ko Trump ya faɗi zaɓen 2020, Vance ya ce shi gaba yake dubawa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tambayar ta shafi aikin mataimaki kansa, domin shi ne ke jagorantar zaman tabbatar da sakamakon zaɓe, kuma wannan aikin ne Mike Pence, mataimakin Trump a lokacin, ya yi ranar 6 ga Janairun 2021 har ya ɓata da maigidansa. Mu da muka san abin da rigimar karɓar sakamako take jawowa ƙasa, bai kamata mu ce wannan ba ta shafe mu ba.

Ɗan Adar, Tawa

Baba Malam, Allah ya ƙara sani, amma a yi mini uzuri, ni ban gamsu ba. Na kalli muhawarar da safe bayan na buɗe shago, kuma abin da na gani shi ne mutum biyu da aka horar su yi magana a cikin minti biyu-biyu, a ɗakin da babu ƴan kallo. Tambaya ta farko a kan makamai masu linzami da Iran ta harba wa Isra'ila a ranar ce, aka ce musu ko za su goyi bayan Isra'ila ta riga kai hari. Walz ya kewaya ya koma sukar Trump, Vance ya fara da ba da tarihin rayuwarsa kafin ya ce zaɓin na Isra'ila ne. A kan mutanen Gaza da ake ta kashewa kusan shekara guda, ban ga wani bambanci tsakaninsu da zai sa in hana kaina barci ba. Shirun da suka yi a kan Afirka kuwa bai ba ni mamaki ba, domin wanda ba ya da ƙuri'a a jihohin Amurka irin su Pennsylvania ba ya cikin lissafinsu. Buhun gero a kasuwar Tawa ba zai sauko ba ko wane ne ya ci.

Hajiya Ungozoma, Yamai

Ɗan Adar, gaskiyarka a kan gero, amma akwai abin da na gani wanda ya kamata a faɗa. Lokacin da ake maganar bindigogi, Walz ya ce ɗansa mai shekara 17 ya taɓa ganin an yi harbi a wata cibiyar wasanni, sai Vance ya juyo ya ce bai san da haka ba, ya jajanta masa. Ko da a ce siyasa ce, na fi son siyasar da ake jajanta wa abokin hamayya a kan ta zagin iyaye, musamman idan aka tuna yadda aka yi ta cacar baki a muhawarar Trump da Harris ta 10 ga Satumba.

Abu na biyu shi ne matan nan biyu na tashar CBS da suka jagoranci zaman, Norah O'Donnell da Margaret Brennan. Da aka zo batun ƴan ƙasar Haiti da ke zaune a garin Springfield na jihar Ohio, Brennan ta bayyana cewa da yawansu suna da izinin zama, Vance ya ce ai ba a yi da su za a riƙa gyara musu magana ba, ya ci gaba da bayani, sai kawai aka kashe makirfo na su biyun. Sanata da gwamna, bakinsu na motsi, babu mai jin su. Shi ma Walz bai tsira ba, domin an tsare shi a kan iƙirarinsa na cewa yana Hong Kong lokacin zanga-zangar dandalin Tiananmen na ƙasar Sin a 1989, ya yi ta kame-kame kafin ya amsa cewa kuskure ya yi. Ƴata da ke karatun aikin jarida ta maimaita wannan wurin har sau uku.

Mai Shayin Fada, Yamai

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da Hajiya, da ɗan'uwa na Tawa. Na ga ƙuri'ar jin ra'ayi da CBS ta yi bayan an tashi, inda kashi 42 cikin ɗari suka ba Vance, kashi 41 suka ba Walz, sauran suka ce canjaras, wato yadda fadarmu ta rabu haka su ma suka rabu. Maganar Hajiya kuma ta tuna mini da muhawarar mataimaka da aka yi a Abuja a watan Disamban 2018, inda Yemi Osinbajo da Peter Obi suka yi ta jifan juna da alƙaluma a kan tallafin man fetur, amma da aka zo ta shugabanni a watan Janairu, Buhari bai je ba, Atiku kuma ya ƙi hawa dandalin. Baba, idan da hali, ina son ka faɗa mana yadda aka shirya wadda Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara, ƴan takarar shugabancin Côte d'Ivoire, suka yi a talabijin a 2010, domin yau da dare za mu ɗora daga inda muka tsaya, kuma masu cewa Vance ne ya ci har yanzu ba su sauko ba.