Neman shawara kan ganawar aikin ma'aikaciyar jirgin sama

'Yar Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da bakaloriya, wato takardar kammala sakandare, kuma an gayyace ni Duwala, nan Kamaru, domin ganawar ɗaukar ma'aikatan cikin jirgi. Faransancina ba laifi, amma Ingilishina na makaranta ne, na fi iya karanta shi a kan magana da shi. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su nuna mini inda zan fi mayar da hankali, domin abin da nake ji a gari bai wuce zancen tsayi da kwalliya ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar jirgi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kamfani yana neman wadda zai damƙa wa rayukan fasinjoji ne, rabon abinci kuwa daga baya yake zuwa. Babban jirgin fasinja ba ya samun izinin fara aiki sai an nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce ma'aikaci 1 ga kujeru 50. Saboda haka za su gwada natsuwarki. Suna iya tambayar ki yadda za ki yi da dattijon da ya ƙi ɗaura bel, ko dalilin da ya sa uwa take fara sa wa kanta abin shaƙar iska kafin ta sa wa ɗanta. Amsar ta biyun ita ce, idan iskar cikin jirgi ta zurare a nisan mita 10,000, hankalin mutum yana iya gushewa cikin minti guda ko ƙasa da haka, kuma wadda ta suma ba ta ceton kowa.

Shi ma tsayin dalilinsa ke nan. Qatar Airways, alal misali, tana son hannu ya kai santimita 212 idan an yi ɗage, domin a iya ɗauko kayan agaji daga ma'ajiyar sama. Idan ba ki iya ninƙaya ba, ki fara koyo yanzu a wurin wanka mai malami, kada ki je kogin Binuwai.

Malamin makaranta daga Marwa:
Malama, kada ki yi wasa da Ingilishin nan. Harsunan hukuma biyu ne a Kamaru, ana yin sanarwar cikin jirgi da duka biyun, kuma mai ganawa yana iya sauya harshe ana tsakiyar magana. Ki rubuta sanarwar maraba da ta ɗaura bel, ki riƙa karanta su da ƙarfi kullum, kina naɗar muryarki a waya kina saurare. Sannan ki faɗa musu da bakinki cewa kina jin Hausa da Fulatanci. Duk wanda ya ga maniyyata suna tashi daga filin jirgin Garwa ya san akwai tsofaffin da ba za su fahimci umarnin gaggawa ba sai da harshen gida. Idan Camair-Co, kamfanin jiragen saman Kamaru, ce ta kira ki, ki san cewa ta fara jigila a 2011, kuma ki haddace garuruwan da take zuwa.

Wata uwa daga Ngaundare:
'Yata, na yarda da su, sai dai akwai abin da ba su taɓo ba. Kowane kamfani yana da dokarsa a kan rufe kai, wasu suna raba giya a cikin jirgi, kuma aikin yana sa kwana a wani gari. Ki zauna da iyayenki ku yanke shawara tun kafin tafiya, sannan ki tambayi masu ganawar cikin ladabi idan suka ba ki dama, domin ya fi a ce sai bayan kin sa hannu a takarda za ki ji. Ki isa Duwala da wuri ki huta, ki kuma riƙe ainihin takardunki tare da kwafinsu.

'Yar Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, saura tambaya ɗaya: a gwajin da ake haɗa masu neman aikin rukuni-rukuni, gara in fara magana ko in jira a nuna ni?