"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": ta hau kan injin IBM kuwa?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Jiya ina koya wa ƙanena yadda manyan injinan IBM, wato manyan kwamfutocin kamfanin, ke gano wurin ajiyar bayani a ƙwaƙwalwarsu, sai karin maganar nan ta faɗo mini a baki. Tun kwamfutar System/360 ta 1964, umarnin da ake ba injin ba ya ɗaukar cikakken adireshin wurin ajiya. Rajista guda, wato ƙaramar ma'ajiyar lamba a cikin injin, ita ce ke riƙe da tushe, sai a ɗora tazara a kai. Tazarar kuwa, a umarnin asali, gurbi 12 ne kacal na sifili ko ɗaya, iyakarta 4095. Ka zarce nan, asambula, mai fassara rubutunka zuwa yaren injin, ya ce bai san ka ba. Gida ya bar ka ke nan.

Baba na Asawase: Ɗana, ka ja akuyar ta inda ba ta so. Ba nisa ake nufi ba. Fataucin goro ya kawo kakanninmu daga Kano da Katsina har Salaga da Kumasi, gida kuma bai bar su ba. Wanda ya yar da zumunci ake yi wa wannan magana, ko da a bayan ɗakin uwarsa yake kwana.

Malamar lissafi: Baba ya yi gaskiya, gyaran nasa ma ya fi zama daidai da injin. Nisa yana da magani: rajista 16 ne, sai ka ɗauki wata ka mai da ita tushe na biyu, kamar fatake sun yada sabon zango. Barin gida na ainihi shi ne ka zuba wata lamba cikin rajistar tushe bisa kuskure. Asambula ba zai ce uffan ba, don USING, kalmar da kake sanar da shi rajistar tushe da ita, alkawari ne kawai ka yi masa, ba ya bin sawu. Kamar a ce wa baƙo "daga masallaci ƙirga gida uku", alhali an nuna masa wani masallacin. Ƙirgensa daidai, amma ɗakin wani zai faɗa, har ya yi ɓarna.

Ɗan Aboabo: Na karɓa, Malama. To rajista 0 fa? In ka sa ta a gurbin tushe, injin ba ya ko duba abin da ke cikinta, tazarar kaɗai ce adireshin. Wannan ya bar gida ne, ko dama ba shi da shi?

Baba na Asawase: Shi wannan ku kai shi wurin Sarkin Zango ya ba shi masauki. An kira la'asar.